MAI SABUWAR MOTA: DA INA ZA A FARA GYARA?

Daga Wakilinmu a Potiskum

Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne da arzikinsa ke tafiya bisa taya. A nan ne hanyar Kano ta Azare ta haɗu da ta Bauci, kana ta miƙe gabas zuwa Damaturu da Maiduguri. Ga ta Gashuwa ta yi arewa, ga kuma ta Fika ta gangara kudu zuwa ƙasar Gwambe. Ranar Laraba kuwa, watau ranar kasuwar shanu, tireloli da ƙananan motoci sukan cika garin maƙil. Saboda haka a unguwannin garin zancen mota ba baƙon zance ba ne, kuma da zarar mutum ya sayi tasa, kafin a gama yi masa "Allah Ya sa alheri" masu ba da shawara sun kewaye shi.

Wannan ya ce a ɗaga ta, wancan ya ce a baƙanta gilashi, wani ya ce a cire mata abin da Turawa suka sa saboda sanyin ƙasarsu, wani kuma ya ce a mai da ita mai aiki da gas. Alhali kuwa kuɗin da ya rage a aljihu bai isa a yi duka ba. To, da wanne za a fara?

ASALIN MATSALAR

A zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ke cika hanyoyinmu da Fijo 504, wannan tambaya ba ta da nauyi sosai, domin motar tana da tsayi daga ƙasa, tana kuma jure zafi da gargada. Yau kuwa yawancin motocin da talaka ke iya saye tsofaffi ne da aka gama mora a Turai ko Amurka, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. An ƙera su ne domin titi mai santsi da yanayi mai sanyi, ga shi kuma sun sauka a ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙura. Don haka sauye-sauye sun zama dole. Abin da ke jawo hasara shi ne rashin sanin wanda ya kamata ya riga wani.

TAYA DA BIRKI TUKUNA

Abin farko shi ne abin da ke riƙe da ran mutum, watau taya da birki. Mota komai tsadarta, tayoyi huɗu ne kaɗai ke haɗa ta da ƙasa, kuma abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai fi tafin hannu ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka yi ta. Idan ka ga 2322, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan kunnen direbobi da su guji tayar da ta wuce shekara 4 da yi, ko da zanenta bai cinye ba, domin roba tana bushewa ta tsattsage.

Har ila yau, motoci da yawa sukan iso da tayoyin hunturun Turai, masu tambarin ƙanƙara a gefe. Robarsu mai laushi ce, ba a yi ta domin kwaltar da rana ta gasa ba. Wanda zai ɗauki iyalinsa daga Potiskum zuwa Kano da tsakar rana bisa irin wannan taya, lalle ya ɗauki kasada. Bayan taya sai a duba takalman birki, a zubar da tsohon man birki a zuba sabo, domin yana tsotsar laima, idan kuma ya yi zafi sai a taka a ji wayam.

ƊAGA MOTA

Na biyu shi ne ƙafafun mota. Ɗaga ta kaɗan saboda ramuka da tudun rage gudu abu ne mai ma'ana, musamman ga mai shiga ƙauyuka da damina. Amma kafin a sa mata wani ƙarfe ko roba, a fara tabbatar da lafiyar shokozoba da sifirin, domin sau da yawa mutuwarsu ce ke sa mota ta zauna. Idan aka ɗaga ta fiye da kima, sai ta riƙa tangaɗi a kwana, shaf ya riƙa lalacewa da wuri. Haka kuma ƙara wa motar haya sifirin don ta ɗauki buhunan da suka fi ƙarfinta yaudarar kai ce, domin bayanta ya daina zama, amma birkin yana nan yadda aka ƙera shi.

GARIN GYARAN GIRA

Na uku shi ne sanyaya inji, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna da sunan gyara. Al'ada ce a garejinmu da zarar mota ta sauka a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Alhali aikin wannan ɗan ƙarfe shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, kimanin digiri 80 zuwa 90, sa'an nan ya buɗe. Idan babu shi, inji zai daɗe bai ɗumama ba, na'urar da ke auna masa mai ta riƙa ƙara masa fetur, ƙarafansa kuma su riƙa cin juna. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Motar da ke yin zafi tana da dalili: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta mutu, ko famfon ruwa ya gaji. Waɗannan su ya kamata a bi. A wanke lagireto, in ya tsufa a sake shi, a kuma daina ɗura masa ruwan rijiya ko na burtsatse, wanda ke haifar da tsatsa da dattin gishiri. Da hunturu kuwa a riƙa duba matacin iska a kai a kai. Haka nan cire abin da makanikai ke kira indomi daga salansa ba ya ƙara wa mota lafiya. Aikinsa tace gubar hayaƙi, kuma yana ɗauke da ma'adinai masu tsada, shi ya sa ake samun masu ɗokin saye.

ZANCEN GAS

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura naira 1,000 a 2024, mai da mota gas ya zama zancen kowace tasha, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa shiri na musamman domin hakan a 2023. Babu shakka gas ya fi fetur arha, amma matsayinsa na huɗu ne. Yana bukatar inji lafiyayye da fulogai masu kyau, tukunyarsa tana da nauyi, tana kuma cinye wurin kaya. Kafin mutum ya biya, ya fara tambayar kansa a ina zai riƙa cikawa a kan hanyar da yake bi kullum.

Bugu da ƙari, tukunyar tana riƙe da iska mai matsi ƙwarai, ba aikin mai walda na bakin titi ba ce. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin, mutane suka jikkata, aka kuma gano cewa tukunyar ƙirar walda ce. Araha dai ba ta ado.

KWALLIYA A ƘARSHE

Baƙin gilashi, manyan wili, rediyo mai ƙara da fitilu masu walƙiya su ne samari suka fi so, su ne kuma ya kamata su zo ƙarshe. Tun 1991 akwai dokar da ta hana baƙanta gilashin mota sai da izinin 'yan sanda. Babban wili yana tafiya ne da siririyar taya, wadda rami ɗaya ya isa ya fasa. Fitila mai kashe ido kuwa, wanda take makantarwa shi ne direban tirelar da ke tunkaro ka da dare ɗauke da shanu.

Saboda haka, jama'a, lissafin a fili yake. A fara da abin da ke tsare rai, a bi da abin da ke tsare inji, sa'an nan abin da ke rage kashe kuɗi, kana a yi ado da abin da ya saura. Wanda ya juya wannan tsari zai iya samun yabo a majalisa, amma hanyar Damaturu ba ta san kwalliya ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.