Sola a Watan Marka

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farantan sola suka yawaita a kan rufin gidajen Kano da Kaduna da Sakkwato. Wanda ya sa nasa a watan Maris, lokacin da rana ke ƙwallewa, sai ya ɗauka ya rabu da duhu ke nan. Agusta ke ba shi amsa. Marka ta sauka, a wuni ba a ga ƙwayar rana ba, inbata ta fara kuka tun kafin isha'i, maigida ya ce jabu aka sayar masa.

Galibi kayan lafiyarsu ƙalau. Wat 400 da aka rubuta a bayan faranti, an auna shi ne da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, a zafin digiri 25. Gajimare mai shara-shara na barin haske ya ratso, faranti ya ci gaba da aiki. Idan kuwa hadari ya haɗu baƙi ƙirin, abin da yake bayarwa kan faɗo zuwa kashi 10 ko 25 cikin ɗari. Ai Jamus ma, wadda hasken da take samu a shekara bai wuce kusan rabin na Kano ba, tana cikin manyan masu amfani da sola a duniya. Sun yi lissafi ne da irin sararinsu.

A nan muke yin sakaci, kuma batir ke shan wahalar. Batirin ruwa ba ya son a zuƙe shi ya wuce rabi, ya fi ƙin a bar shi kwanaki bai cika ba, domin farin gishiri kan daskare a jikin dalmarsa, ƙarfinsa ya tafi. Na litiyam ya fi juriya, sai dai tsada. Abin mamaki, da wuta ta gaza sai mutane su ruga sayen ƙarin batir, alhali wanda ke akwai ma bai ƙoshi ba. Ƙarin faranti ne magani, da kwantirola irin ta MPPT, sannan a mayar da guga da jan ruwan burtsatse zuwa tsakar rana.

Damina dai tana wanke faranti kyauta. Hunturu ba ya yin wannan alheri: ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana dushe sama da hazo, ta kuma kwanta a kan gilashin. Sai an hau da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.