Gungun Taurarin Da Aka Ga Fashewa Goma A Cikinsa

Duk wanda ya taɓa kwana a wani ƙauye na ƙasar Katagum a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma hazo bai sauko ba, ya san yadda sararin sama ke cika fal da taurari. Dattawanmu sun san su da sunayensu. Ga Zara matar wata, ga Gamzaki, ga Kaza da 'ya'yanta, ga kuma irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa waɗanda malamai ke lissafin damina da su. To, jama'a masu karatu, yau za mu leƙa can bayan waɗannan duka, inda ido ba ya kaiwa.

Idan mutum ya tsaya a bayan garin Azare a farkon watan Oktoba bayan sallar lisha, ya fuskanci arewa, ya ɗaga kai kusan rabin tazarar da ke tsakanin doron ƙasa da tsakar ka, to, ya saiti wani gungun taurari da masana suka yi wa lamba NGC 6946. Ba a ganinsa sai da madubin hangen nesa. Siffarsa kamar faifai ce wanda ake cikin saƙarsa, ga cibiya a tsakiya, ga hannuwa suna murɗawa kewaye da ita, kuma taurarin da ke cikinsa sun kai dubban miliyoyi. Ita ma ranarmu a cikin irin wannan gungu take.

Wani masani a Ingila, William Herschel, shi ya fara gano shi ran 9 ga watan Satumba 1798, watau shekara shida kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, tun Malam Ibrahim Zaki bai karɓo tuta ya kafa Katagum ba. Nisansa kuwa sai dai a kwatanta. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a sakan guda, shi ya sa hasken rana ke iso mu cikin minti takwas da 'yan kai. Amma hasken wannan gungu sai ya shafe wajen shekara miliyan 25 a hanya. Ashe ke nan abin da madubi ke nunawa yau tsohon labari ne ƙwarai.

Abin da ya fito da sunansa shi ne mutuwar taurari. A 1916 aka mai da gidan sarautar Katagum Azare. Shekara ta zagayo, cikin watan Yuli 1917, sai George Ritchey na Amurka ya ga wani sabon haske a hoton gungun. Daga nan aka sake gani a 1939, 1948, 1968, 1969, 1980, 2002, 2004, 2008 da 2017. Goma ke nan cikin shekara ɗari, ko da yake masana da dama na ganin na 2008 ba cikakkiyar fashewa ba ce. Saboda haka aka yi masa laƙabi da Gungun Wasan Wuta. A namu gungun kuwa, rabon da a ga irin wannan fashewa da ido tun 1604.

Me ke kawo ta? Tauraro wuta ce mai cin kanta. Zafin cikinsa na tura shi waje, nauyinsa na danne shi ciki, muddin akwai makamashi ba wanda ke kayar da wani. Tauraron da ya ninka ranarmu nauyi sau takwas ko fiye yakan yi ta narkar da sinadaransa daga masu sauƙi zuwa masu nauyi, har cibiyarsa ta zama ƙarfe. Ƙarfe kuwa ba ya ba da zafi. Nan take cibiyar ke ruftawa, sauran jikin ya tarwatse da haske mai kai na rana sau miliyoyi, ya yi makonni kafin ya dushe. Wannan ita ce sufanoba. Gungun nan yana haifar manyan taurari da yawa, su kuwa manyan ba su da tsawon rai, shi ya sa mutuwa ta yawaita a can. Ranarmu ba ta kai wannan nauyi ba, don haka kada hankalin kowa ya tashi.

Wani zai ce, ina ruwan manomin Azare da wannan? Masana sun tabbatar cewa irin wannan fashewa ce ta watsa da yawa daga sinadaran da ke cikin ƙasarmu da jikinmu. Ƙarfen da maƙeri ke ƙera garma da shi, da wanda ke cikin jinin mai riƙe da garmar, a cikin taurari aka dafa su.

Kuma wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu. A 1006, Ali ibn Ridwan na Masar ya ga irin wannan tauraro, ya rubuta bayaninsa, masana na amfani da shi har yau. A 1824, Bature Clapperton ya yada zango a Katagum, ya wuce Kano, ya isa Sakkwato, inda ya tarar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya san burujai da taurari da sunayensu na Larabci.

Abin dubawa shi ne, wanda ya gano fashewar watan Mayu 2017, Patrick Wiggins na jihar Utah a Amurka, da madubinsa na gida ya gano ta, ta hanyar gwada sabon hoto da tsoho. Mu kuwa Allah Ya ba mu duhun dare mai tsabta a ƙauyukanmu, wanda manyan biranen duniya suka rasa saboda hasken lantarki. Ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh a Azare, ga jami'a a Gadau. Madubi guda a hannun malamin kimiyya mai himma ya isa ya buɗe idon ɗaruruwan ɗalibai. Kafin madubin ya samu kuma, ya kamata yara su zauna gaban dattawa su rubuta sunayen taurari da lissafinsu, tun masu sanin suna raye.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.