Motar Manhaja ko A Daidaita Sahu: Wanne Ya Fi Sauƙi Ga Aljihu?

'Yan uwa ɗalibai, tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama babban zance a gidajenmu. Shi ya sa a wannan makon muka kwatanta hanyoyin sufuri biyu: motar da ake kira ta waya, da abin hawan haya da muka saba da shi.

Kamfanin Uber ya fara aiki a Legas a 2014, ya shiga Abuja a 2016, sannan irin su Bolt da inDrive suka shigo. Da wayarka za ka kira direba ya zo har ƙofar gida. Manhaja ce ke lissafa kuɗin: akwai kuɗin tashi, sai na nisan tafiya, sai na mintunan da aka ɓata a hanya. Idan masu nema suka yi yawa, kamar lokacin ruwan sama ko tashi daga aiki, farashin yakan hau. A inDrive kuwa fasinja ne ke taya farashi, direba ya sallama ko ya nemi ƙari. Kamfani kuma yana cire kasonsa daga abin da direba ya samu.

A bas ko A Daidaita Sahu, wadda ta mamaye titunan Kano bayan hana acaɓa a 2013, kujera ɗaya kake biya, sauran fasinjoji su biya nasu. A motar manhaja kuwa shata ka ɗauka, kuɗin motar gaba ɗaya a kanka yake. Nan ne tushen bambancin.

Mu yi lissafi da misali. A ce zuwa makaranta naira 300 ne a A Daidaita Sahu, a motar manhaja kuma naira 2,400. Zuwa da dawowa na kwana 20 hawa 40 ke nan. Na farko zai kashe naira 12,000 a wata, na biyu naira 96,000, ban da kuɗin data. Tazarar naira 84,000 ce.

Amma idan ku huɗu kuka haɗu, kowa naira 600 zai biya. Wanda kuma sai ya hau sau biyu kafin ya isa, shi ma 600 ɗin ce ke fita daga aljihunsa, ga jira a bakin titi, ga tsaye-tsayen sauke fasinja. A nan farashin ya zo ɗaya, kuma 'yan manhaja za su riga shi isa.

Saboda haka, zirga-zirgar yau da kullum ta mutum ɗaya, haya ta gama-gari ta fi araha nesa ba kusa ba. Motar manhaja ta dace da ranar larura: kai marar lafiya asibiti, tafiyar dare, ɗaukar kaya masu nauyi, ko safiyar jarrabawa idan an makara.

Kafin ka hau, tambayi kanka: mu nawa ne, hawa nawa ne, kuma sauri nake yi? Ka tuna iyayenmu da gumi suke nemo kuɗin nan.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta