Baƙon da Ya Zo Duba Yara, Aka Koma Duba Shi

A watan Agusta, idan ka bi ta Jibiya ka ƙetare iyaka zuwa Ɗan Isa a ƙasar Nijar, idonka ba zai ce maka ana yunwa ba. Gero ya tashi dama da hagu, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashinsa, Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, ko'ina kore shar. Manomi ne ya san babu lokacin da ya kai wannan tsanani a shekara. Hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana bai nuna ba, tiyar gero ta yi tsada a kasuwa, ga sauro ya samu kududdufai yana ta hayayyafa. Yunwa da zazzaɓi tare suke zuwa, kuma ƙananan yara suke fara kayarwa.

A irin wannan lokaci na isa wata cibiyar jinyar yara masu tamowa a jihar Maraɗi. Tana cikin harabar asibitin gwamnati, wata ƙungiyar agaji ke ɗaukar nauyinta, kuma irinta ake kira CRENI a can, wato inda ake kwantar da yaran da tamowa ta yi wa tsanani har ta haɗu da wata cuta. Akwai abokai da muke haɗa taro da sisi duk wata muna aika wa irin wannan aiki, su suka wakilta ni in je in gano musu, tunda gani ya kori ji.

Aiki a wurin tun daga ƙofa yake farawa. Kafin rana ta ɗaga, iyaye mata sun cika rumfa, wasu a amalanke suka zo, wasu a babur, da yawa a ƙafa. Ana ɗora yaro a sikeli, a auna tsawonsa, sannan a zagaya damtsensa da wani ɗan zare mai launi uku. Idan ya tsaya a kore, lafiya lau. Rawaya gargaɗi ne. Ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115 ga yaron da ke tsakanin wata 6 da shekara 5, yana nufin rai na cikin haɗari. Sai a danna bayan ƙafarsa da babban yatsa, idan gurbin ya zauna bai taso ba, kumburin tamowa ne, ko da kuwa yaron a ido kamar mai ƙiba. Gwajin ƙarshe shi ne na ci. A wanke hannun yaro, a yage masa ledar abincin gyaɗar nan mai suna Plumpy'Nut, a zuba ido. Wanda ya ci, uwarsa za ta koma gida da rabon mako, ta riƙa dawowa awo. Wanda ya kau da kai, ko yake zazzaɓi, ko numfashinsa ke sama-sama, shi ake ba gado.

Wannan leda mai nauyin giram 92, da aka haɗa da gyaɗa, madarar gari, sukari, mai da sinadaran gina jiki, a Faransa aka ƙirƙiro ta a 1996, amma a wannan yanki ta nuna amfaninta ga duniya. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, kaso mai yawa a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida suka warke da wannan abinci, ba a gadon asibiti ba. Ba ya buƙatar ruwa, ba ya buƙatar girki, ba ya saurin lalacewa. Tsofaffin ma'aikatan cibiyar har yanzu da waccan shekara suke auna kowace damina.

Ban daɗe da sauka ba jikina ya fara ba ni labari. Kai ya yi nauyi, gaɓoɓi suka ɗauki ciwo, bakina ya yi ɗaci. Da la'asar sakaliya, ana zafi kowa na fifita, ni kuwa haƙorana na haɗuwa don sanyi. Babban ma'aikacin jinya, wanda suke kira majo, ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Malam, zo ka zauna nan." Ya soki ɗan yatsana, ya ɗiga jini a ɗan farin allon gwaji irin wanda na ga ana yi wa yara tun safe. Kafin minti ashirin layi biyu suka fito. Na ce ashe sauron Maraɗi ba ya raga wa baƙo. Ya ce kada in ɗora wa garinsu laifi, ƙwayar cutar takan yi aƙalla mako guda a hanta kafin ta fito cikin jini ta kawo zazzaɓi, don haka daga Kano na yi guzurinta.

Maganin farko da na sha bai zauna ba, amai ya dawo da shi. Dole aka sa mini ƙarin ruwa, aka yi mini allura, sai da cikina ya lafa aka koma ga ƙwayoyi, safe da yamma na kwana uku, tare da madara ko abinci mai maiƙo don maganin ya shiga jiki sosai. Na ɗakin ajiyarsu na yara ne, an ƙididdige shi, don haka a kantin magani na cikin gari aka sayo nawa. Aka kwantar da ni a ɗan ɗakin da masu aikin dare ke miƙe baya, bango ɗaya tsakaninsa da ɗakin yaran da suka fi jin jiki.

Daga wannan gado na san cibiyar. Abin da ake nuna wa baƙo da rana gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ce, sauran da dare take fitowa.

Yaron da tamowa ta cinye ba a cika masa ciki lokaci guda, jikinsa ba zai ɗauka ba. Wata madara ta musamman mai suna F-75 ake fara ba shi kaɗan-kaɗan, bayan kowace awa biyu ko uku, dare da rana babu fashi. Don haka sai ka ji ƙarar kofuna da tsakar dare, wata ma'aikaciya na bi gado-gado tana tashin iyaye: "Uwar yaro, tashi, lokacin madara ya yi." Wanda ba ya iya haɗiya, ta siririyar roba ake zura masa ta hanci. Dare ma'aikata suka fi tsoro, domin yaron da ba shi da kitse a jiki sanyi na iya kama shi ko a damina, sukarin jininsa ya faɗi, ya tafi shiru ba tare da ko kuka ba. Shi ya sa ake sa uwa ta manna shi a ƙirjinta, fata da fata, a lulluɓe su da bargo. Idan wuta ta ɗauke, ka ji gudun mai gadi zuwa wurin janareta, saboda akwai yaran da numfashinsu ya rataya a kan na'urar iskar oksijin. A cikin duk wannan, ma'aikaciyar da ke kula da ɗaki cike da yara takan saci minti biyu ta leƙo ta duba ruwan da ke hannuna. Na ji daɗin kulawar, kuma ta yi mini nauyi a zuciya, domin na san daga ina aka yanko waɗannan mintoci.

Wani dare na ji sawu sun yawaita, aka yi ta magana ƙasa-ƙasa, sannan aka yi tsit. Babu kururuwa. Da asuba na hango wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin ba, ta goya ɗanta kamar kullum, ta ja zane ta rufe har kansa, wata dattijuwa na biye da ita da ƙullin kaya. Mai gadi ya buɗe musu ƙofa yana cewa, "Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne." Kafin hantsi an wanke gadon, wani yaron na kai.

Iyayen nan su ne rabin ma'aikatan wurin, ko da yake ba a biyansu. Su ke ba da madara, su ke wanki, su ke lura da numfashi su ruga su kira majo. Kowace ta baro gona a tsakiyar aiki, ta baro sauran 'ya'ya a hannun kishiya ko kaka, kuma tana ƙirga kwanaki. Akan samu wadda za ta sulale da yaro da zarar ya fara murmurewa, kafin a sallame su. A takarda ana rubuta cewa ta gudu. Ni dai da na zauna kusa da su na kasa ganin laifinta, domin mace ce da aka sa ta zaɓa tsakanin ɗa guda a asibiti da huɗu a gida. Abin da ake buƙata shi ne a rage mata nisa da asarar zuwa, kuma shi ya sa ƙananan wuraren awo na ƙauyuka, inda ake kama tamowa tun ba ta kai ga gado ba, suka fi kowane dogon gini daraja a idona.

Wata tsohuwa mai jinyar jikanta ta ji an ce akwai baƙo kwance. Ta dama kunu da ɗan abin da ke hannunta, ta kawo har bakin ƙofa. "Sannu, ɗan nan. Daure ka sha, ciki babu komai ba ya riƙe magani." Na ce, "Na gode, Inna. Daga wane gari?" Ta ambaci wani ƙauye a ƙasar Katsina, ta ɓangarenmu. 'Yan bindiga ne suka tashe su. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suke ƙetarowa jihar Maraɗi neman tsira, ban da waɗanda dama can asibitin ɓangaren Nijar ya fi musu kusa. Na taso daga Najeriya da tunanin zan duba yaran maƙwabta, sai na tarar da namu a kan gadajen, ma'aikatan Nijar na kwana a kansu ba tare da tambayar takardar kowa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jini. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, sai a kawo yaro tafin hannunsa fari fat, yana haki, babu abin da zai tashe shi sai ƙarin jini cikin gaggawa. A tsakiyar damina ma'ajiyar jini ba ta daɗewa da kaya. Na ga direba, na ga mai shara, na ga ma'aikacin da ya gama aikin dare, sun miƙa hannu an ɗiba. Ni da na zo da sunan taimako, ba a karɓar jinin mai zazzaɓi. Leda guda daga jikina da ta fi duk rahoton da zan rubuta amfani a wannan mako.

Ba ƙaramin abu ake fama da shi ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum kusan 608,000 ne zazzaɓin cizon sauro ya kashe a 2022, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Afirka, kuma ƙasashe huɗu, Najeriya, Kwango, Nijar da Tanzaniya, su suka ɗauki fiye da rabi. Najeriya kaɗai ta kusa kashi ɗaya cikin uku. Ana ƙoƙari. Tun 2006 Nijar ta ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, ko da yake kuɗin da zai riƙe tsarin ba kullum yake isowa a kan kari ba. Akwai kuma maganin rigakafin damina da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, wanda ake bi gida-gida ana ba yara sau ɗaya a wata har ruwa ya ɗauke. Majo ya ce mini ƙauyen da aka raba shi yadda ya kamata, a gadajensa yake ganewa.

An ce baƙo raɓa ne, amma baƙon da ya kwanta ciwo a irin wannan wuri ya zama kaya. Yana cin lokacin ma'aikaci, yana tare gado, wani lokaci ma motar da ya kamata ta ɗauko yaro daga ƙauye ita za ta kai shi babban asibiti. Cuta ba ta sallama, kowa na iya faɗuwa, sai dai akwai abin da ke hannun matafiyi. Ya ga likita kafin ya tashi, ya tafi da gidan sauronsa da katin rigakafin shawara, ya riƙe kuɗin magani a sefa don kada ya taɓa na yara. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗebi maganinsa har da ƙari. Ruwan da bai amince da shi ba ya tafasa. Da zarar jiki ya yi ɗumi a yi gwaji a ranar, kada a tsaya ana cewa gajiyar hanya ce. 'Yan'uwanmu da suka daɗe a Ingila ko Amurka su fi kowa kiyayewa, domin ɗan juriyar da jiki ke samu a ƙasar sauro yana raguwa idan an yi shekaru a waje, kuma zazzaɓin da zai kwantar da mazaunin gida kwana uku su yana iya kai su ga halaka. Su nemi maganin kariya tun kafin su hau jirgi. Wanda kuma yake tari, mura ko gudawa, don Allah kada ya shiga ɗakin yaran nan ko da daga nesa ya zo, jikinsu ba shi da garkuwar da za ta tare ko ƙaramar cuta. Hoto ma a nemi izinin uwa, 'ya'yan mutane ne.

Da na koma gida na gaya wa abokaina abin da ma'aikatan suka nanata mini: taimakon da ya iso a watan Mayu ko Yuni, kafin gadaje su cika, ya fi wanda ya zo bayan kaka, domin da shi ake tanadin madara, magani da ƙarin ma'aikata. Muka mayar da lokacin aikawarmu zuwa farkon damina. Mai karatu da ke da niyyar irin wannan ziyara, ya tambayi masu wurin lokacin da zuwansa ba zai takura musu ba, ya je da lafiyarsa, ya kwana ko da dare ɗaya ne idan sun yarda. Wanda ba shi da halin tafiya kuwa, akwai ɗakunan jinyar yara masu tamowa a Katsina, Kano, Jigawa, Sakkwato da Borno, kuma suna neman jini a kowace damina. Ka je asibitin da ya fi kusa da kai, a gwada ka, ka bayar.