Masu binciken zaman jama'a: wa zai ba su takobi?

Tun daga 1975 da aka soma gasar kokowa ta ƙasa a birnin Tawa, kusan kowace shekara ƴan Nijar kan zuba ido su ga wanda zai ɗauki takobi. Ranar da aka kammala, daga Gaya har Gigimi babu gidan da ba a ambaci sunan sarkin kokowa ba: magabata su tarbe shi, ƴan kasuwa su yi masa kyauta, makaɗa su wasa shi. Hakan daidai ne, domin yabon gwani ya zama dole. To amma akwai waɗansu gwanaye da babu mai buga musu ganga, alhali kuwa abokan karawarsu sun fi kowane ƙato ƙarfi: yunwa, rashawa, bauta da mutuwar ƙananan yara. Su ne masu binciken zaman jama'a, wato mutanen da sana'arsu ita ce su zauna da talakawa da ma'aikata a kasuwa, a asibiti, a ofis da gindin bishiya, su saurara, su rubuta, har su gano dalilin da ya sa abin da aka tsara a takarda yake shan bamban da abin da ke gudana.

Wannan ilimi ya daɗe a ƙasarmu. A 1944 aka buɗe reshen cibiyar IFAN a Yamai, wanda daga baya, a 1974, ya zama cibiyar IRSH a ƙarƙashin jami'a. Marigayi Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974, shi ya ɗora harsashin tarin tsofaffin rubuce-rubucen larabci da ajami da ke ajiye a can. Julde Laya ya yi shekara 20 yana jagorancin cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka. Andre Salifu ya fitar da tarihin daular Damagaram a 1971, Jibo Hamani kuma na ƙasar Adar a 1975. Ba za a ce ƙasa ta manta da su ba, tun da gidan tarihi na Yamai yana ɗauke da sunan Bubu Hama, jami'ar Damagaram da sunan Andre Salifu, ta Tawa kuma da sunan Jibo Hamani. Sai dai rubuta suna a bakin ƙofa shi ne mafi sauƙi cikin karramawa. Mai wuyar ita ce a ji abin da masani ya faɗa, musamman idan maganar tana da ɗaci.

Abin da aka gani a kan bencin asibiti

A 2001 wasu masana suka kafa cibiyar LASDEL a Yamai, cikinsu har da Mahaman Tijani Alu da Jean-Pierre Olivier de Sardan, Bafaranshen da ya daɗe yana bincike a Nijar har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Hanyar aikinsu ba ta da wani asiri: mai bincike zai kwashe makonni yana zaune a inda marasa lafiya ke jira, yana kallon wanda aka kira da wanda aka bari, yana hira da unguwarzoma da mai shara da mai gadi, cikin harshen da suke ji. Littafin da Olivier de Sardan da Yannick Jaffré suka fitar a 2003 ya tattara irin wannan bincike daga Yamai, Bamako, Dakar, Konakiri da Abijan, kuma abin da ya nuna kowa ya san shi, amma ba wanda ya taɓa rubuta shi dalla-dalla: mai sanayya a ciki ana duba shi da wuri cikin mutunci, wanda bai san kowa ba kuwa sai ya yi ta jira, ga tsawa ga biyan kuɗin da babu rasiɗi.

Ma'aikaci mai karanta wannan shafi kada ya ɗauka cin fuska ne. Binciken ya nuna ɗaya gefen ma: ma'aikacin da aka tura aiki ba safar hannu, ba magani, albashi yana makara, kuma wanda ya yi ƙwazo da wanda ya yi sakaci duk ɗaya suke a wajen shugabanni. Daga nan masanan suka fito da wata fahimta mai amfani, cewa a kowace ma'aikata ƙa'ida biyu ce: akwai ta takarda, akwai kuma wadda ake aiki da ita yau da kullum, wadda sabon ma'aikaci yake koya daga na gaba da shi. Duk gyaran da ya tsaya ga canza ta takarda, bai taɓa ta biyun ba, aikin banza ne. Irin wannan bincike suka yi kuma a kan duwan, kotuna, sufuri da kwangilolin gwamnati a Nijar, Benin da Senegal, aka buga shi a 2007, inda suka bi diddigin yadda kuɗin goro yake tafiya daga hannu zuwa hannu.

A 2006, zamanin shugaba Tanja Mamadu, gwamnati ta ɗauki ƙudurin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Niyya ce mai kyau, iyaye kuma suka yi ta kai yaransu. Tsarin shi ne asibiti ya yi aikin, sa'an nan gwamnati ta biya shi. Masu binciken LASDEL suka bi takardun neman biya daga ƙauye zuwa gunduma har Yamai, suka tarar ana yin watanni masu yawa kuɗin bai sauko ba, bashi ya taru, ma'ajiyar magani ta ƙafe, uba ya koma sayen magani a farmasi duk da an ce kyauta ne. Sakamakon ya fito cikin littafin da Olivier de Sardan da Valéry Ridde suka shirya a 2014. Da ba su yi wannan aiki ba, da laifin ya tsaya a kan malamin asibitin ƙauye, wanda shi ne jama'a suke gani.

Yunwa a tsakiyar rumbu

Ƴan kasuwar Maraɗi ba su manta da 2005 ba. Bayan fari da farin dango na 2004, farashin hatsi ya ninka, gwamnati ta soma da saida cimaka da rahusa kafin a yarda da rabon kyauta a watan Agusta, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Tambayar da ta ɗaure wa baƙi kai ita ce: ta yaya yankin da ake kira rumbun ƙasa zai fi kowane yanki yawan yara masu tamowa?

Masu binciken zaman jama'a ne suka warware ta. Hatsi yana kasuwa, kuɗin saye ne babu. Ƙaramin manomi yana saida amfaninsa da arha lokacin kaka domin biyan bashi da hidimomi, ya dawo ya saye shi da tsada lokacin da damina ta kama, wani ma ya jinginar da gonar. Marthe Diarra ta cibiyar IRSH da Marie Monimart, cikin binciken da suka fitar a 2006, sun nuna wani abin da ƙididdigar buhuna ba ta nunawa: a kudancin Maraɗi, da mutane suka yi yawa gonaki suka ƙaranta, matan aure su ne suka fara rasa gamanarsu, wato ɗan filin da mace take nomawa domin kanta. Uwar da ba ta da tiyar hatsi tata ta kanta, ba ta da abin da za ta tallafi ɗanta da shi idan rumbun maigida ya rufe.

A wancan lokaci an yi ta zargin ƴan kasuwa da ɓoye hatsi. Jenny Aker, Ba'amurkiya masaniyar tattalin arziki, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tana tattara farashi tana hira da dillalai, ta nuna cewa tsadar da aka yi a arewacin Najeriya a wannan shekara ta taka babbar rawa, domin hatsin da aka saba shigowa da shi daga can ya yi ƙaranci. Ta kuma gano cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa yana iya sanin farashin Damagaram ko Tawa ba tare da ya hau mota ba. Tun kafin ita, Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihin alhazan Maraɗi a 1986, inda ya bayyana yadda suka tashi daga cinikin gyaɗa zuwa fataucin kan iyaka, da yadda amana tsakanin ubangida da baransa take riƙe da wannan kasuwanci. Alhazai nawa ne aka taɓa karanta wa wannan littafi da aka rubuta a kansu?

Akwai kuma inda bincike ya kai har gaban alƙali. Ƙungiyar Timidriya, wadda aka kafa a 1991, ta sa an yi hira da mutane fiye da dubu 11 a kan bauta, malamin jami'a Gali Kadir Abdelkader ya shirya rahoton. A 2003 aka sa bauta cikin manyan laifuffuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta yanke cewa ƙasa ta kasa kare Hadizatu Mani, wadda aka saida tana ƴar shekara 12, ta umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Maganar da a da ake cewa ƙage ce, ta tabbata da sunaye da ƙauyuka da shaidu.

Takobin da ya dace da su

In za a karrama waɗannan mutane, lambar girma a ƙirji ba ta da laifi, amma akwai abin da ya fi ta. Na farko, minista ko darakta da aka kawo wa rahoto mai ɗaci ya karanta shi, ya tara ma'aikatansa su tattauna, ya bar wa mai bincike ƙofa a buɗe gobe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu, a mai da ilimin ga masu shi. Kusan dukkan ayyukan da muka ambata da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, alhali da Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci aka yi hirarrakin. Matar da ta ba da labarin gamanarta ba ta taɓa jin abin da aka yi da maganarta ba. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu sauran hujjar barin waɗannan littattafai a kulle cikin harshen da mafi yawan jama'a ba sa ji. A fassara su, a taƙaita su, a karanta su a gidajen rediyon karkara.

Na uku ya shafi aljihu. Mafi yawan kuɗin bincike daga ƙetare yake zuwa, kuma mai ba da kuɗi yakan zaɓi tambayar da za a yi. Alhajin da ke iya ba sarkin kokowa doki ko mota, yana iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya na jami'ar Maraɗi ya yi shekara yana binciken bashin manoma, ko matsalolin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko kuwa ya biya kuɗin fassara littafi guda. Riba ce gare shi, domin shi ne farkon wanda zai amfana da amsar, kuma sadaka ce mai gudana.

Idan lokacin kokowa ya zagayo, za mu taru mu yi wa gwaninmu kirari kamar yadda muka saba. Kafin nan, mai karatu, idan wani saurayi ko wata budurwa suka zo ofishinka ko rumfarka da littafi da alƙalami, suka ce daga jami'a suke suna son yin tambaya, ka ba su kujera da ruwan sha, ka faɗa musu gaskiya, kuma ka sa su yi maka alkawarin dawowa su gaya maka abin da suka gano.