Gusau, Garin Da Ba Ya Ƙin Baƙo

Uwargida, kin taɓa zaunar da 'ya'yanki kin ba su labarin garinsu? Malam Sambo Ɗan Ashafa, mabiyin Shehu Usmanu, shi ya kafa Gusau. Da jirgin ƙasa ya iso, cinikin gyaɗa da auduga ya jawo Yarabawa da Ibo, suka zauna Sabon Gari ana cuɗanya. A 1996 Gusau ta zama babban birnin Zamfara. Maƙwabciyarta 'Yandoto, a ƙasar Tsafe, tsohuwar cibiyar malamai ce. Dutsen Kwatarkwashi kuwa yana ƙasar Bungudu.

Amma rannan na tambayi ɗalibaina a Islamiyya abin da suka sani game da Tsafe. Suka ce, "'Yan bindiga, Malama." Jikina ya yi sanyi. 'Yar'uwa, in ba ki gaya musu sauran ba, wa zai gaya musu?