Shafin Neman Aiki: Ƙofar da Makaho Ke Kasa Shiga



Duk wanda yake da wa ko ya da suka gama karatu ya san yadda neman aiki ya koma. Da can mutum yakan rubuta takarda da hannunsa ya kai ofis. Yanzu kuwa sai dai a ji an ce "an buɗe fotal", kowa ya ruga kafe da takardunsa, wasu ma har sai sun hau mota daga Rimin Gado zuwa Kano. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ta intanet aka cike shi, haka ma yawancin ayyukan gwamnatin tarayya da na bankuna. Tambayar da muka kawo allonmu a wannan makon ita ce: idan mai neman aikin makaho ne fa, ko kurma, ko wanda hannunsa ba ya aiki sosai, yaya yake yi?

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ga cewa aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu buƙata ta musamman ne. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, a 2020 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da lamuransu. An fi jin maganar gangaren keken guragu a bakin ofis, kuma yana da muhimmanci. Amma kafin mutum ya kai bakin ofis sai ya fara samun aikin, aikin kuma yanzu ƙofarsa shafin intanet ne.

Wasu za su yi mamaki su ce, makaho ai ba ya amfani da waya. Yana yi, wani ma ya fi mu sauri. Akwai manhajar da ake kira mai karanta allo, wadda ke furta duk rubutun da ke fuskar waya ko kwamfuta da murya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver. A kwamfuta akwai JAWS ta kuɗi, da NVDA ta kyauta, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina. An fara ta a 2006. Makaho yana shafa allo da yatsa, manhajar tana gaya masa abin da ya taɓa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar: manhajar ba ta da ido. Abin da maginin shafi ya rubuta a ƙarƙashin shafin shi take karantawa. A ɗauka wani makaho mai takardar NCE yana son cike fom ɗin aikin koyarwa. Mai ido yana ganin akwati na farko an rubuta "Suna" a gefensa, na biyu "Ƙaramar Hukuma". Idan maginin bai ɗaure kowace kalma da akwatinta ba, abin da makahon zai ji shi ne "akwatin rubutu, akwatin rubutu, akwatin rubutu", bai san inda zai sa sunansa ba, bai san inda zai sa Rimin Gado ba. Idan sanarwar aikin hoto ce aka ɗauka aka liƙa, manhajar za ta ce "hoto" kawai ta yi shiru, ranar rufewa da sharuɗɗa duk suna ciki bai ji ba. Idan ya yi kuskure aka nuna masa ta hanyar mayar da akwatin ja ba tare da rubutu ba, zai yi ta danna "aika" shafin yana ƙi, ba dalili. Wannan jan launin ma yana wahalar da masu ido da ba sa bambance ja da kore, matsalar da ta fi yawa a maza.

Mafi tsanani shi ne gwajin nan na karkatattun haruffa, ko na "zaɓi hotunan da ke da mota", wanda ake kira CAPTCHA. An yi shi ne don a tabbatar mutum ne ba na'ura ba. Idan babu zaɓin sauraro ko wata hanya daban, makaho ya cike fom duka, ya zo matakin ƙarshe, shafin ya ƙi yarda cewa shi mutum ne.

Ba makafi kaɗai ba. Wanda hannunsa ke rawa ko ya shanye ba ya iya juya mawus, da madannai kawai yake tafiya, yana danna Tab daga akwati zuwa akwati. Idan wani maɓalli sai da mawus ake kai masa, tafiya ta ƙare. Shafin da ke korar mutum bayan 'yan mintuna yana cutar mai rubutu a hankali. Bidiyon bayani marar rubutu a ƙasa bai amfani kurma ba, haka ma shafin da lambar waya kaɗai ya bayar don neman taimako.

Wani zai ce, to ya je kafe mana a cike masa. Haka ake yi ɗin. Amma ku duba abin da yake miƙawa: lambar NIN, ranar haihuwa, lambar sirrin imel, wani lokaci har bayanan banki. Ba zai iya duba ko an rubuta sunansa daidai ba, harafi ɗaya kuma yana iya kayar da mutum ranar tantancewa. Ga kuɗin mota na mutum biyu, shi da ɗan jagora. A ganina, mutumin da ya yi karatu har ya samu takardar shaida bai kamata a tilasta masa tona sirrinsa don kawai wani ya yi ganda wajen gina shafi ba.

Gyaran kuma sananne ne. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee da ya ƙirƙiro yanar gizo ya kafa a 1994, ta fitar da ƙa'idoji masu suna WCAG tun 1999, ta sabunta su a 2008 da 2018 da 2023. Taƙaicensu: a iya gani ko ji, a iya sarrafawa, a iya fahimta, kuma shafin ya yi aiki da manhajoji irin su NVDA. Kowane hoto a rubuta masa gajeren bayani, kowane akwati a sa masa suna, kuskure a faɗe shi da kalmomi, rubutu ya fita sosai daga launin bayansa. Yawancin wannan ba sayen na'ura ba ne, layuka kaɗan ne a rubutun shafi. Kuma amfanin ya wuce su: shafi marar nauyin hotuna ya fi saurin buɗewa inda sabis ke rawa, rubutu mai fita sosai ya fi karantuwa a tsakar rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kusan ɗaya cikin shida, suna da wata nakasa mai tasiri a rayuwarsu.

Muna da misali a gida na cewa idan an so ana iyawa. A 2017 hukumar JAMB, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman da Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta, domin shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a yadda ta dace da su, kuma Jami'ar Bayero tana cikin cibiyoyin. A Kano akwai makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki da ke koyar da makafi da kurame. Ɗaliban da suka bi wannan doguwar hanya su ne ke isowa gaban fotal da takardunsu a hannu.

Ga aikin gida ga mai sha'awa, musamman 'yan ajin kwamfuta, tunda cikinku ne masu gina shafukan gobe za su fito. A gida, ba a makaranta ba (kowa ya san dokar waya!), ku ari wayar Android, ku shiga saituna, ku nemi Accessibility, ku kunna TalkBack. Taɓawa ɗaya zaɓa ce, taɓawa biyu da sauri ita ce dannawa, jan shafi kuma da yatsa biyu ake yi. Ku koyi yadda ake kashe ta tukuna, kada mai wayar ya ce kun lalata masa ita. Sannan ku buɗe duk wani shafi mai fom, ku rufe ido, ku gwada sa sunanku da na ƙaramar hukumarku. Ku rubuto mana inda kuka maƙale, za mu liƙa amsoshin a allo mako mai zuwa.